Gashin Bakin Enoch Pilling

Duk wanda ya san Enoch Pilling a kwarinmu na Lancashire, gashin bakinsa yake fara tunawa. Labule ne sosai, ya sauko ya rufe leɓɓa ruf, kunu ma sai ya nemi iso kafin ya samu hanya. Ba don ado ya tara shi ba kuwa.

Shekara talatin da ɗoriya Enoch yana saƙa da hannu a ɗakin ƙasa na gidansa, can kan tudu. Daɓe ne mai laima, irin wanda zare ke so, gwiwa ke ƙi. Shi ne ubangidan kansa. Litinin ba ya aiki, wai ranar huce gajiyar Lahadi ce. Talata yakan shafa masaƙar ya tambaye ta kwana. Daga Laraba kuwa ƙoshiya ba ta hutawa, bakinsa ma haka. Da zare yake hira, da kyanwa, da ruwan sama. In zare ya tsinke sai ya zage shi har kakarsa auduga.

Sai aka gina kamfanin saƙa a bakin kogi, mai injin tururi da dogon bututun hayaƙi. Enoch ya tsaya ƙofar gida ya riƙe ƙugu.

"Butar shayi ce za ta yi saƙa? To, mu zuba ido."

Ya zuba ido kuwa. Butar shayi ta yi ta aman yadi ba gajiya. Ɗan kasuwar da ke kawo masa zare ya koma zuwa jefi-jefi, daga baya ya manta hanyar tudu. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa Keziah ce ta sauka kamfani, abin da take samu kuma bai riƙe baki biyu ba. A hunturun 1834 kunu ya koma ruwa, manyan unguwa suka fara yi masa zancen gidan gajiyayyu, inda ake kulle tsofaffi a sa su fasa dutse.

Keziah ta roƙi foman mai kula da ma'aikatan kamfanin, Jabez Haworth, ya ba uban nata gwaji na mako ɗaya. In ya ci, ya zauna. In ya faɗi, sai dutse.

"Baba, don Allah ka riƙe bakinka," ta ce da shi a hanya.

"Me bakin nawa ya yi miki?"

"Me bai yi ba?"

"Jabez fa kika ce? Ɗan Haworth mai majina? Ni na koya masa ƙulla zare!"

"To, yanzu shi ke korar mutane. Ɗaga ƙafa, ƙararrawar kamfani ba ta san ka ba."

Ranar Litinin, Litinin fa, Enoch ya shiga. Keziah ta haye bene inda take aiki, shi aka kai shi babban ɗaki. Injuna ɗari biyu suna dukan juna, ƙasa tana rawa, haƙora suna tayawa. Ya yi gaisuwa da ƙarfi, bai ji muryarsa ba. Ya sake kwatsawa. Shiru. Da farko tsoro ya kama shi, can kuma sai fuskarsa ta washe. Ashe Allah ya kawo shi inda mutum zai faɗi abin da ya ga dama ba mai ji!

Jabez ya zo wucewa. Enoch ya yi masa murmushi har kunne, ya ce, "Dube shi. Kai kamar dankalin da aka manta a buhu."

Abin da bai sani ba, kuma Keziah ba ta tuna ta gaya masa ba don a wajenta kamar numfashi ne, mutanen kamfani ba da kunne suke ji ba. Ƙara ta koya musu karanta leɓɓa. Mace tana wannan bango za ta kwashe gulmar unguwa kaf ta zuba wa wadda ke wancan bango, ba tare da ta ɗaga murya ba. Matan ɗakin suka haɗa baki kada a sanar da Keziah. Wa zai kashe nishaɗi na kyauta?

Talata, a bakin Enoch, Jabez ya zama agwagwa mai takalmin katako. Enoch ya lura mata suna kallonsa suna toshe baki, sai ya gyara wuyan riga, ya ce ashe da sauransa.

Aikin dai bai tafi ba. Injin da aka ba shi ba ya jira, ba ya jin lallashi, hannun Enoch kuma ya saba da nasa lokacin. Ga shi makon nan zare sai tsinkewa yake a ɗakin duka. Laraba ya hango Jabez yana sosa ƙeya a gaban wani inji, ya ce, "Sosa da kyau, dankali. Zaren nan ƙishirwa yake ji, iskar gabas ta busar da shi. Da a ɗakina ne, da laima ta gama maganinsa. Yayyafa ruwa ƙarƙashin injuna ka gani. Amma ina!"

Alhamis ya tarar da daɓe jiƙe. Ya ɗaga kai ya ce, "Ga kamfani, rufi na yoyo." Zare ya rage tsinkewa, bai kawo komai a ransa ba.

Asabar da aka tsayar da inji, Jabez ya kira shi gaban kowa. Keziah ta sauko da gudu, yanzun nan aka fesa mata, ta tsaya tana murɗa gefen zaninta.

"Baba Enoch, injin nan ya fi ƙarfinka. Yadin da ka fitar ko buhu ba zai yi ba."

Enoch ya cire hula. Ƙofar gidan gajiyayyu yake hange.

"Sannan ga maganar agwagwa."

"Wace agwagwa, ɗana?"

"Mai takalmin katako. Ta Talata. Dankali na Litinin ne da Laraba. Jiya kuma ka ce uwata ma ba ta san inda ta samo hancina ba."

Ɗakin ya kece da dariya, wata har da zama a ƙasa.

"Amma ai ba ka ji!"

"Rabona da jin magana a ɗakin nan shekara tara. Gani nake yi, Baba." Jabez ya shafa hancin nasa. "Ruwan dai ya yi aiki. Daga Litinin ka bar injin. Ka riƙa zagaya ɗakin kana taɓa zare, inda ya ji ƙishi ka ba shi ruwa. Sharaɗi ɗaya: in za ka zage ni, ka juya baya."

Keziah ta fashe da kuka, tana kukan tana dukan kafaɗar ubanta.

Juya wa mutum baya, in ji Enoch, rashin tarbiyya ne. Don haka daga ranar nan, aska ba ta sake taɓa leɓensa na sama ba, har gashi ya rufe leɓɓan, ba mai iya karanta su. Shekara goma sha huɗu ya yi yana yawo da bokitin yayyafi, bai taɓa ganin cikin gidan gajiyayyu ba, bai kuma taɓa yafe wa Litinin ba. Duk sa'ad da Jabez ya gifta, sai labulen nan ya kama motsi.

Jabez yakan tare shi a ƙofa in an tashi. "Baba, na ga yana rawa fa."

"Iskar gabas ce, ɗana."