Waƙar da Malam Nanven Ya Rage wa Gudu

Duk wanda ya san Baba Eli a Greensboro ta Amurka ya san shekara ashirin da ɗaya ke nan yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover. Ya kuma san in ka zauna da shi minti goma, sai ya gaya maka mahaifinsa ya taɓa ƙaga waƙa. Malam Nanven ke nan, malamin firamare a Pankshin, wanda ya rasu bai bar gida ko gona ba, sai waƙar coci ƙwaya ɗaya. Ita Baba Eli ya tsallako teku da ita. Mun ji labarin nan har mun haddace, amma wa zai katse dattijo?

Bana aka ce ya koya wa mawaƙan cocinmu ita don bikin godiya na kaka. Mai kaɗa musu piyano wani baƙar fata ne ɗan gari, Harrison, ya haura tamanin, yatsu duk sun lanƙwashe. Baba Eli na gama baitin farko, Harrison ya ƙyalƙyale da dariya, ya ninka saurin, ya hau dukan piyano. Kai! Har Mama Prisca mai ciwon gwiwa sai da ta girgiza kafaɗa.

"Ɗan'uwa Eli, ai wannan rock and roll ne," in ji Harrison da Turanci. "Wani saurayi ne ya yi shi ina yaro, bai yi suna sosai ba. Uwata ta zane ni a kan faifan nan, kuma har yau yana wurina."

Washegari ya kawo faifan. Baba Eli ya saurara, kiɗan waƙar babansa ne, babu ko tantama. Bawan Allah ransa ya ɓaci ƙwarai. Ashe uban da yake taƙama da shi ɗauko waƙar wani ya yi? Ya ce wa matarsa Celina ya fasa, ba zai tsaya gaban jama'ar Allah da kayan sata ba.

Kwana uku Celina tana kallon mutum yana tura abinci gefe. Ran Asabar da safe ta kira Anti Nanret, ƙanwar marigayi Malam Nanven, ta danna masa wayar a hannu.

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Haba Eli, kai kaɗai ne ba ka sani ba! Da kiɗan nan babanka ya fara rawa da mamarka, a gidan wani mai garmaho a Jos. Dattawan coci suka ce in ya sake, a bakin aikinsa. Da ta rasu, kana wata bakwai, sai ya rage wa kiɗan gudu ya sa masa kalmomin Allah, don ya riƙa rerawa kowace Lahadi ba mai hana shi. Mun gane, dattawan ma sun gane. Ba wanda ya ce uffan."

Baba Eli bai san fuskar mahaifiyarsa ba, ko hoto babu. Ya daɗe zaune da wayar a cinya, Celina ta bar shi ya yi kukansa.

Da yamma ya je gwajin waƙa. Harrison, da ke ta jin kunyar dariyar da ya yi, ya tambaye shi a hankali yadda yake so a kaɗa.

"Baitin farko yadda babana ya bar shi," in ji Baba Eli. Ya share ido da bayan hannu. "Na biyun kuma ka sake shi da gudunsa, yadda mamata ta ji shi. Ban taɓa sanin tana rawa ba."