"Ya Rasu," In Ji Hadija: Ga Mma Awa Mai Koko

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake komawa. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarmu, Hajiya Awa Boukari, wadda unguwar Akwatialine ta Kumasi ta sani da Mma Awa mai koko. An yi mata sutura a maƙabartar Tafo bayan la'asar. Ni ɗanta Abdul-Fatawu ina Brescia ta ƙasar Italiya, ina jiran a sabunta min takardar zama, kuma in na fita ba zan sake shiga ba. Don haka ban ɗauki makararki ba, Mma, ban zuba miki ƙasa ba. Wannan rubutu ne iyakar inda hannuna ya kai.

Bari in faɗa miki yadda labarin ya same ni.

Ina hutun rana a masana'antar ƙarfe da nake aiki, na buɗe saƙon murya na ƙanwata Hadija. "Yaya Fatawu, sai haƙuri. Ya faɗi a asibiti da safe, ya rasu." Daga nan sai kuka. To yayana Sumana ne ke kwance a asibitin da ciwon ƙoda, ke kuma kike jinyarsa. Wa zan zata? Na daɗe a nan cikin mutanen Kano da Damagaram, kunnena ya koma irin nasu, masu raba "ya" da "ta". Na manta cewa a Hausarmu ta zangon Kumasi mace da namiji duk "ya" ne. Ke kanki har kika bar duniya "ya zo" kike ce wa Hadija, duk gyaran da marigayi Baba, Malam Amidu, ya sha yi miki, kina ce masa, "Malam, ai duk mutum ne."

Na zauna a kan wani akwati na yi wa Sumana addu'a, mutumin da rabona da jin muryarsa tun arba'in ɗin Baba. Sannan na kira lambarki don in yi miki ta'aziyyar ɗanki. Aka ɗauka. Na ce, "Mma, sai haƙuri." Sai muryar namiji ta ce, "Fatawu, ni ne."

A numfashi guda aka mayar min da yaya, aka ɗauke min uwa. Har yau ban sami sunan abin da na ji ba.

Waɗanda ba 'yan gida ba ba za su gane nauyin wannan ba, don haka zan faɗa. Baba ɗan ɗariƙa ne, a kan haka ya rene mu. Sumana ya girma ya bi mutanen Sunna. Ranar adua ta arba'in ɗin Baba, an kafa rumfunan kanofi a ƙofar gida, malamai sun fara zuwa, Sumana ya fito ya naɗe tabarmi a gaban abokan Baba, ya ce ba a gidan da yake ciki ba. Na faɗa masa magana, ya faɗa min. Ban ce ya yi daidai ba a ranar, yau ma ban ce ba. Amma gaskiya ɗaya ce: ni na tafi, shi ya zauna. Shi ya kai ki asibiti lokacin ciwon gwiwa, shi ya gyara rufin ɗakinki, shi ya raka ki filin jirgi da za ki Makka. Ni boga ne, kamar yadda ake kiranmu mazauna Turai a gida, mai murya a waya da hoto a bango.

Ke ba ki taɓa zaɓar ɗaya a cikinmu ba. Tukunyar kokonki tana bakin layi tun kafin a haife ni, masu fitowa daga masallacin nan da masu fitowa daga wancan duk a benci ɗaya suke zama, kuma a gabanki ba a gardamar addini. Wanda ya fara, sai ki miƙa masa ƙosai ki ce, "Cika bakinka da wannan." 'Yan matan arewa masu dako a kasuwa sun san ludayin farko nasu ne. In mace ta rasu a unguwa ba ta da kowa, ke ake bugawa ƙofa. Ki ɗauki sabulunki da turare ki je ki wanke ta, ba ki tambayi ƙabilarta ko masallacin mijinta ba. Jikokinki, Basma da Fadil da Nasrullah, a cinyarki suka koyi Fatiha, da lafazinki na Mosi wanda malamin makaranta ya sha wahalar gyarawa. Basma ta ce min ba za ta gyara ba.

Kowace Juma'a in na kira ki, kafin mu yi sallama sai ki ce, "Yayanka ya gaishe ka." Ni kuma in ce na amsa, in kawo wata magana. A wayar nan ta ranar Talata, bayan mun gama abin da za mu iya na kuka, Sumana ya ce, "Kowace Juma'a sai ta ce min ka gaishe ni." Na ce ban taɓa ba da saƙon nan ba. Ya ce shi ma haka. Shekara da shekaru kina ɗaukar gaisuwar da ba wanda ya aiko, kina kai wa wanda bai tambaya ba. Allah Ya rubuta miki ita cikin sulhu tsakanin 'yan'uwa.

Yanzu ga arba'in ɗinki tana tahowa, kuma wayata ba ta hutawa. Gwaggonninmu sun riga sun zaɓi yayi, atamfar da za a ɗinka iri ɗaya, sun ce kanofi sai a ƙofar gida. Sumana, daga gadon asibiti, ya ce a'a. Kowane ɓangare na jira in ce ina tare da shi, kuma na san in aka sake naɗe tabarma a gidan nan, babu sauran mai ɗinke mu. Na gaji, Mma. Mun yi faɗa a kan Baba har muka hana ki zaman makoki cikin natsuwa. Ba zan yi shi a kanki ba.

Ga maganata, kowa ya ji. Ni ina ganin taron adua alheri ne, kuma masu son yi su yi a gidan Hadija a Dichemso, ba mai hana su. Sumana ya roƙa miki gafara yadda ya yarda, kada wanda ya ce bai so uwarsa ba. Amma da safiyar ranar, a ɗora tukunyarki a bakin layi, a dama koko a raba sadaka, a fito da bencin nan. Wanda ya zauna ya sha, ya riƙe bakinsa.

Allah Ya jiƙan ki, Mma Awa. Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya wanke ki kamar yadda kika wanke bayinSa marasa kowa, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hadija da mijinta Sadick, da gwaggonninmu, da jikoki, da dangin Boukari na Kumasi da Bawku, da dukan mutanen Akwatialine. Allah Ya ba mu haƙuri.

Kai kuma Yaya Sumana, Allah Ya ba ka lafiya. An ce wayar Mma tana hannunka. Kada ka bari ta mutu. Ranar Juma'a zan kira lambar kamar yadda na saba, kuma yanzu babu mai kai mana saƙo. In ka ɗauka, ni ne ƙarami, ni zan fara gaisuwa.