Ragowar Alhaji Bukari a Shagon Morita

Abdulsalami mutumin Tawa ne. Ya iso Paris a shekarar 2003 da jaka ɗaya da gurbin karatu a fannin ruwa. Mutanen garinsu sun yaba da zaɓin, ko da yake wasu na ganin da a gida aka bar shi da ya gama karatun da wuri, tunda ruwan ba yawa gare shi ba. Ya sauka a Montreuil wajen wani ɗan unguwarsu, ya yi karatunsa ba hayaniya, ya gama, ya samu aiki a Lyon, a wani ɗakin bincike inda ake ɗebo ruwan kogi a auna, a rubuta wa hukuma abin da ke ciki. Mutum ne mai tsari. Takalmansa duka baƙaƙe ne, kuma ba ya canja hanyar zuwa aiki sai in an toshe ta.

Kafin ya bar Paris ya auri Raihana, haifaffiyar Stains da ke gefen Paris, 'yar Alhaji Bukari, Badamagare wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana sauke kifi a babbar kasuwar Rungis. Aure ya yi albarka. Matsala ɗaya ce tak, ita ma ba ta kai a kira ta matsala ba sai a gidan bene: Abdulsalami ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Haka ya tashi ya ga mahaifinsa yana yi, kuma bai ga dalilin da zai sa digiri ya canja wannan ba.

A Tawa abin ba wuya, akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai inuwar bishiya. A Stains kuwa falo ɗaya ne da tebur ɗaya, kowa yana ganin bakin kowa. Don haka duk sadda suka hau jirgin ƙasa suka je gaisuwa, Abdulsalami yakan zo da dabara. Wani lokaci azumin nafila, har aka soma yi masa kallon waliyyi a gidan. Wani lokaci waya ce ta gaggawa daga wurin aiki, ran Lahadi, kamar kogin zai gudu kafin Litinin. Sa'arsa ɗaya, Alhaji yana da ɗabi'ar sauka ƙasa ya miƙe ƙafa da zarar ya ci ya wanke hannu, ko da sanyi na tsaga dutse. A wannan tsakanin Abdulsalami zai shiga kicin ya ci a tsaye. Raihana takan jingina da ƙofa tana kallonsa, ta ce da faransanci wannan ai sinima ce, ta ƙara masa miya.

Shagon Morita kuwa ruwan sama ne ya kai shi. Wani ɗan lungu ne bayan wurin aikinsu, ƙofa ƙarama da guntun labule a sama, ciki kanta ɗaya doguwa da kujeru takwas a jere, duka suna fuskantar tukunya. Abin da ake sayarwa ramen ne, wato taliyar Japan cikin romo mai zafi. Ran farko Abdulsalami ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambayar da ya saba: alade fa, giya fa? Mai shagon, Morita, wani gajeren dattijo ne ɗan Japan, ɗaure da ƙyalle a goshi. Ya buɗe tukunya, ya jawo buhun busasshen kifi da ganyen teku ya ajiye a kan kanta, ya koma aikinsa. Abdulsalami ya zauna.

Ya ci, ya ji daɗi, ya kuma rage romo a gindin kwano kamar yadda ɗan mutunci yake yi don kada a ce yunwa ta koro shi. Morita ya daɗe yana duban kwanon, sannan ya tambaye shi me ya lalace. Daga ranar Abdulsalami ya gane a nan godiya ita ce kwano fayau. Ya kuma koyi sauran ƙa'idojin. Ba a ɗaukar abinci a fita da shi. Wanda ya zauna sai ya ci, wanda ya gama sai ya tashi, don akwai masu jira a waje. Kuma taliya ba ta jiran kowa, in aka bar ta a romo sai ta sha ta kumbura ta mutu. A gabansa wani mai kwat ya tsaya hira a waya har kwanonsa ya huce, Morita ya ɗauke kwanon ya zubar, ya gaya masa cikin ladabi cewa akwai wuraren cin abinci da yawa a Lyon.

Shekaru suka tura. Abdulsalami ya zama ɗan gida, har ya kai da zarar kansa ya ɗaga labule Morita zai jefa taliyarsa a ruwa ba tare da tambaya ba. Ba su taɓa hira mai tsawo ba. Shagon ne kaɗai wuri a ƙasar Faransa da ba a taɓa tambayarsa daga ina ya fito ko yaushe zai koma ba, kuma bai san yadda wannan ya zauna masa a rai ba sai ranar da ya kusa rasa shi.

Kuskurensa shi ne yabon wurin a gida. Raihana ta kwashe ta gaya wa mahaifinta a waya. A kakar 2014, da Alhaji ya zo Lyon ganin jikarsa Hamdiya, wadda ba ta daɗe da zuwa duniya ba, ya ce shi fa sai an kai shi ya ga mutumin da ke yin romo da busasshen kifi, tunda kifi ai tsohon abokin aikinsa ne. Abdulsalami ya buɗe baki zai ɗauki azumi, Raihana ta riga shi. Ta ce ai Baba ka yi sa'a, tun safe bai ci komai ba, ciki yake ajiyewa. Tana faɗa tana gyara wa jaririya hula, fuskarta kamar ta mai karatun addu'a.

Suka bi layi cikin yayyafi, suka samu kujeru biyu manne da juna. Alhaji ya gaida Morita gaisuwar Damagaram da faransancin kasuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Japan baki ɗaya. Morita ya sunkuyar da kai sau ɗaya a madadinsu duka. Taliyar Abdulsalami tuni tana ruwa.

Kwanuka biyu suka sauka suna tururi. Alhaji ya yi bismilla, ya gwada 'yan sandunan cin abincin, suka ƙi shi, ya nemi cokali mai yatsu. Abdulsalami ya ɗauki nasa sandunan ya goge. Ya gyara zaman kofin ruwa. Ya sake goge sandunan. A damansa kafaɗar surukinsa tana taɓa tasa, a gabansa Morita yana tsame taliyar wani amma idonsa na kan kwanon da ba a taɓa ba. In ya ci, ya zubar da abin da ya riƙe tun ranar ɗaurin aure. In bai ci ba, ya san jimlar da ke jiransa game da yawan wuraren cin abinci a Lyon.

Morita ya matso ya tambaya ko akwai matsala. Abdulsalami ya ce da zafi.

"Kullum da zafi," in ji Morita.

Alhaji dai yana ta kokawa. Sauri yake so ya yi, amma haƙoran sun yi ƙaranci, romon kuma wuta ne, taliyar tana zamewa daga cokali tana komawa inda ta fito. Gumi ya keto masa ƙarƙashin hula. Ya saci kallon kwanon da ke gefensa, ya dubi nasa da ko rabi bai yi ba. Sai ya ajiye cokali, ya share baki, ya tura kwanon gaban Abdulsalami.

"Malam Abdu, ga ragowa, a sa albarka. Ni zan ɗan miƙe ƙafa."

Lungun ba shi da wurin miƙe ƙafa. Ta gilashin ƙofa Abdulsalami ya ga tsohon ya tsallaka, ya juya wa shagon baya, ya tsaya gaban wani kanti da ke sayar da rigunan karnuka, hannuwa a baya, yana nazarinsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin yi wa wani lefe. Yayyafi na sauka a kan babbar rigarsa. A nan ne Abdulsalami, mai auna abin da ido ba ya gani a cikin ruwa, ya fahimci dalilin da ya sa mutum mai ciwon gwiwa yake sauka daga bene yana zagaya fili cikin sanyi duk ranar da suka je Stains.

Ya ci nasa, taliyar ta soma laushi amma da sauran ranta. Sannan ya jawo na Alhaji, domin ragowar babba ba a mayar da ita. Ya ɗaga kwanon ya shanye har gindi, ya jera su biyu a kan kanta.

Morita ya duba su. Ya tambaya ko abincin ne bai yi wa baban ba. Abdulsalami, yana numfashi da ƙyar, ya yi masa bayani a taƙaice: uban matarsa ne, a wurinsu ba a ci a gabansa. Ya zaci za a yi dariya ko a yi tambayoyi. Morita ya leƙa ta gilashi ya dubi bayan tsohon, ya ɗauke kwanukan.

"Da ka faɗa tun kafin in jefa taliya," ya ce.

A hanyar gida Alhaji ya yi magana kan tsadar rigar kare. Abdulsalami ya ce lallai abin da mamaki.

Tun daga nan duk zuwan Alhaji Lyon sai ya ce a kai shi wajen abokinsa. A Stains yakan gaya wa tsofaffin abokan aikinsa cewa abincin ba komai ba ne, taliya ce a romo ba ko yaji, amma mai shagon ya san kifi. Morita yakan kawo masa ƙaramin kwano da cokali mai yatsu, ya bar gaban Abdulsalami wayam. Sai tsohon ya tashi, labule ya rufe a bayansa, sannan ya jefa taliya ta biyu a ruwa.