Kwantenar Hajiya Gambo

Ina Zhanxi Lu, layin 'yan takalma a nan China, riƙe da warin takalmi ina ciniki, waya ta shigo daga Kano: Hajiya Gambo ta rasu, hawan jinin nan nata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai shagon ko ɗagowa bai yi ba, idonsa na kan talabijin ana wasannin Olamfik. Na ajiye masa takalminsa na fita. Biza kawai Hajiya ta je gida sabuntawa, da aka matsa mana a kan takardu saboda wasannin, ta ce in riƙe mata sito kafin ta dawo.

Ita ta tare ni ranar da na fara sauka a garin nan, ban san gabas ba balle yamma. Sana'arta haɗa kwantena: kowa ya kawo katan-katan ɗinsa, ta cika ta tura gida. Ɗakinta na unguwar Dengfeng kuwa masaukin mata ne. In tana gari, mace ba ta zuwa wurin ɗan canji ita kaɗai, mai ciki ba ta zuwa asibiti babu mai yi mata tafinta. "Saude, ki raka ta," haka take cewa, "baƙuwa ba ta san lungun da ake gudu ba."

Doka ɗaya ta kafa: bindigar wasa ba ta shiga kwantenarta. Irin baƙaƙen nan na roba da ake lodawa don yaran Sallah, waɗanda sai ka taɓa za ka san ba ƙarfe ba ne. Wuƙa take sawa ta farke katan a gaban mai shi, in ta gani ta ce "meyo", wato babu da yaren China. Har maza suka laƙaba mata Hajiya Meyo.

Ba su san dalili ba, ko kuma sun sani bai dame su ba. Ƙanwarta Hadiza na da tsohon ciki wasu samari suka tare motarsu a hanyar dawowa daga kasuwa, ɗaya ya ɗora mata bindiga a kan cikin. Jini ya ɓalle mata, kafin a isa asibiti ta cika, ita da abin da ke cikinta. Da aka kama samarin, ashe bindigar ta wasa ce. Hajiya takan ce, "Bindigar roba ce, amma likkafanin da na ɗinka na gaske ne."

Ta kai maganar taron 'yan kasuwarmu, ta roƙi kowa ya daina lodinta. Alhaji Sabi'u, wanda ya fi kowa kawo mata kaya, ya ce, "Haba Hajiya, muna China za mu hana yaran Kano Sallah?" Aka kwashe da dariya. Ina gefenta a ranar. Wallahi har yau ban yafe dariyar nan ba.

Ranar addu'ar uku babu wanda ya kai Alhaji Sabi'u tsawon jawabi. Uwar marayu, garkuwar mata, har da share hawaye. Washegari ya iso sito da katan-katansa. Na ɗauko wuƙarta na farke na farko. Bindigogin ne, a jere, baƙaƙe ƙirin.

"Alhaji, ko bakwai ba a yi ba fa."

"Saude, ki yi haƙuri. Mai dokar ta tafi, Allah ya jiƙanta. Kasuwa ba ta zaman makoki."

Na jawo katan ɗin har bakin titi na ce masa meyo. Bai ko yi musu ba. Ya sa aka ɗauke su zuwa siton da ke kusa da mu, aka karɓa da hannu biyu. Jirgi ɗaya za su hau da namu, kuma kafin Sallah suna Kano. Kwantenarki za ta tafi da giɓi, Hajiya, ban cike shi da komai ba. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma na san bai isa ba.

Ya Allah ka jiƙan Hajiya Gambo, ka yafe kura-kuranta, ka haskaka makwancinta, ka sada ta da Hadiza a Aljanna. Ka ba 'ya'yanta da mahaifiyarta juriyar rashi, ka raya abin da ta bari. Ka kuma tsare mai cikin da za ta hau mota a Sallar bana, wadda ba ta san abin da muka aika mata ba. Amin.