Farar Giya a Gidan Surukai

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A 2013 ina ɗalibi a Alƙahira, ina zaune a unguwar Darrasa, ina kuma zuwa Ma'adi koya wa wani tsoho Bagirike karatun Larabci. Bakinsa ya iya, ido ne bai iya ba. A Masar aka haife shi. Ubansa ya dasa inabi a yamma da Iskandariyya, gwamnati ta karɓe gonar, suka bar ƙasar yana ƙarami. Can ƙasarsu ta asali, wurin kawunsa, ya koyi matsar inabi. Sai da furfura ta cika masa kai ya dawo, ya sayi fili, ya dasa inabi da zaitun. Farar giya yake yi, yana maganarta kamar 'yarsa ta fari. In ya fara sai in yi a'uzubillahi a zuci, in ce mu koma karatu.

Wata rana na yaba man zaitun ɗinsa. Da muka kammala littafi ya miƙo mini dogon kwali ɗaure da zare, ya ce, "Ustaz, wannan ne mafi kyawun abin da hannuna ya yi."

Mu ai ba ma buɗe kyauta a gaban mai ita, kada a ce mana mayunwata. Na yi godiya, na rungume, na ce a raina mai ne. Abu mai kyau kuwa manya ake kai wa.

Lokacin ina neman auren wata yarinya a unguwar Arba wa Nus, 'yar wani dattijo Bahaushen Sudan, limamin layinsu. Ranar Juma'ar makon zai ba ni amsa. Na sha farar jallabiya, na durƙusa gabansa da ƙannensa, na ce, "Baba, ga ɗan abin miya." Ji wawa!

Wani ƙanensa sarkin azarɓaɓi ya kwance zaren nan take. Sai ga kwalba, ruwa garai-garai, da hoton inabi a jiki. Na buɗe baki, to in ce me? In ce a gidan mai giya nake cin abinci?

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya mayar da ita kwali, ya tura bayansa, ya ce a kawo shayi. Ya tambaye ni karatu, ya tambayi mutanen Kano. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da na tashi, shi da kansa ya raka ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba. Ashe kwalin na cikin mayafinsa. Ya miƙo mini yana kallon motoci.

"Ɗana, ka manta kayanka," ya ce. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."