Kawu Idirisu, Tafintan da Ya Tare Ƙofar Kotu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga Yulin 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, Modibbo Idirisu Kiyawa, a gidansa da ke Takur cikin Dutse, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina ofis ɗansa Zuhair ya kira ni ya faɗa mini. Yau kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In kunna kwamfuta in kashe, in fita tsakar gida in dawo, in ɗauki waya in ajiye. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, Kawu, ko zuciyata za ta lafa.

Ga wanda bai san ka ba, kai yayan mahaifiyata ne. A ruga aka haife ka, ka yi kiwo kafin ka yi boko, sannan ka shekara talatin kana tafinta a kotu, kana juya magana tsakanin Fulatanci da Hausa da Turanci. Mutane sun ɗauka ƙaramin aiki ne. Kai kuwa kakan ce alƙali da abin da ya ji yake hukunci, kuma ta bakinka yake ji.

Labarin da aka fi sanin ka da shi ya faru kusan shekara ashirin da biyar da suka wuce. A wani ƙauye kusa da Kiyawa, wasu manoma suka shuka gero a cikin hurumi, wato filin da aka ware tun kaka da kakanni don kiwon shanu. Ardo Sale, shugaban makiyayan wurin, ya hana mutanensa ɗaukar doka a hannu, ya kai ƙara. Ranar zama, lauyan manoman ya miƙe ya ce wannan kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar, alƙali kuma ya amince. Wani da ke leƙe ta taga ya juya ya faɗa wa taron da ke waje: "Alƙali ya ce babu hurumi."

Nan take wuri ya ruɗe. Maza suka saɓa sanduna, wasu suka nufi baburansu, suna cewa tunda an ƙwace filin, yau shanu za su kwana a cikin geron. Kai kuma ka ji ihun daga ciki, ka gane abin da ya faru. Ba ka nemi izinin kowa ba. Ka ajiye takardunka, ka fito ka tsaya a bakin ƙofar harabar, ka buɗe hannuwa.

"Ardo, don Allah tsayar da su," ka ce. "Ba filinku aka ce babu ba. Yana nan inda kuka baro shi da safe. Alƙali cewa ya yi maganar ta fi ƙarfin kujerarsa, sai a kai gaba. Ikon kotu ma hurumi ake ce masa."

Ardo ya ce, "Modibbo, ai kalma ɗaya ce."

"Ɗaya ce, Ardo, amma aiki biyu take yi. Ka ba ni amana, ni zan raka ku kotun da ke da ikon."

Sai da ka maimaita sau uku da Fulatanci kafin sanduna suka sauka. Ladan da ka samu a wurin aiki takardar gargaɗi ce, don ka fita ana cikin zama. Amma ka cika alkawari. Ka ɗauki hutunka ka bi su babbar kotu, damina biyu ana kai da kawo, har aka shata iyaka: manoma suka riƙe gefe ɗaya, shanu suka tsira da mashaya da burtalinsu. Ardo Sale ya riga ka tafiya, amma Zuhair ya ce ranar jana'izarka 'ya'yansa da 'ya'yan manoman nan a sahu ɗaya suka tsaya.

Tun daga ranar kotun ka kamu da bin diddigin kalmomi. Ka tambayi masu haƙar kabari, suka ce su ma filin maƙabarta hurumi suke ce masa. Ka tambayi ma'aikatan safiyo da limamai da tsofaffin dagatai. Duk abin da ka ji sai ka rubuta a littattafan nan naka masu jan bango.

Ni ma ta nan ka kama ni. Ina sakandare na zo maka da kuka, malamin lissafi ya kawo wata kalmar Turanci, domain, na kasa gane ta. Ka karanta darasin a hankali, sannan ka zana da'ira a ƙasa da sandarka. Ka ce, "Khaulat, lambobin da aka yarda su shiga su yi kiwo, ga filinsu nan. Wadda take waje, ba a sa ta a lissafin." Ban sake mantawa ba. Da na shiga jami'a na tarar da kalmar tana jira na a darasin halittu, inda ake kasa duk mai rai gida uku. Na kama karatun kwamfuta, sai ga ta a sunan da shafin intanet ke amsawa. Duk lokacin da na kawo maka sabuwar ma'ana, murna kake yi kamar an yi maka haihuwa a garke.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A watan Yuni wata ƙungiya ta ba ni aikin haɗa ɗan ƙamus na Hausa don ɗaliban sakandare. Na tattara wurare bakwai da kalmar nan ta domain take fitowa, daga lissafi har ƙasar da sarki ke mulka, na yanke cewa duka zan fassara su da hurumi, don yara su huta da haddar kalmomi. Na kawo maka ina jiran yabo. Ka karanta, ka cire tabarau.

"A'a," ka ce. "Na ilimi fanni ne. Na sarki ƙasa ce. Na intanet ɗin nan naku, a yadda kika bayyana mini, ya fi kama da adireshi. Na ga ranar da ma'ana biyu kawai suka kusa zubar da jini, ke kuma za ki ɗora mata bakwai?"

Na ce, "Kawu, zamaninku daban, namu daban." Na tattara takarduna na fita, ko furar da aka dama mini ban sha ba. Ban taɓa yi maka magana haka ba. Mako uku ban taka gidan ba, alhali tsakanin ofishina da Takur ko minti goma ba a yi a Keke. Ranar Lahadi ka kira ni, ina cikin taro, na ce zan kira daga baya. Ban kira ba.

Ranar sadakar uku matarka, Dada Safara'u, ta ja ni ɗaki ta riƙe hannuna. Ta ce ranar Litinin kana zaune da littafinka, ka ɗago ka ce mata, "In Khaulat ta zo, ki ce mata na sake dubawa. A guda biyu ita ke da gaskiya." Na tambaye ta waɗanne biyu. Ta ce ba ka faɗa ba, ka ce sai na zo. Na bincike littattafan nan shafi-shafi, ban ga inda ka rubuta ba. Ƙamus ɗin yana nan a buɗe, na kasa miƙa shi, na kasa rufe shi.

Ka yafe mini, Kawu. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Idirisu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa jinin da ya hana zuba ya zama nauyi a mizaninsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dada Safara'u, da Zuhair da Munira da sauran 'ya'ya, da mahaifiyata da ta rasa yaya, da jama'ar Kiyawa, makiyaya da manoma. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Khaulat Hussaini, Dutse