Hannun Da Lantana Ta Sa a Madadin Oga

Wata rana wani ɗan majalisar jiha ya kira sakatariyarsa, Malama Lantana, ya ce ta turo ƙofa.

Shekara talatin da huɗu tana buga takardu a majalisar nan. Saura wata bakwai ta yi ritaya, ta koma gida da fanshonta.

Ya ce ta buga wa masu unguwanni arba'in wasiƙa. Ba na mazaɓarsa ba, na mazaɓar maƙwabcinsa, wadda ya sa wa ido tun da ya fara kwaɗayin kujerar Abuja. A gaya musu wakilinsu barci yake yi, duk mai kuka ya kawo ofishinsa.

Lantana ta san doka. Takarda mai tambarin majalisa da motar ofis na mutanen da suka zaɓe ka ne, ba a zawarcin jama'ar wani da su. Ta faɗa masa haka, kanta a ƙasa.

Ya yi dariya. Ya ce jirgi zai bi, ta sa hannu a madadinsa kawai.

Ta sa.

Sau arba'in.

A ƙauye kuwa, takarda mai tambarin hukuma ba a barinta a aljihu. Bayan sallar Juma'a ake karanta wa jama'a ita a ƙofar masallaci. Aka karanta guda, wakilin da aka ce yana barci yana tsaye yana ɗaura takalmi.

Wakilin ya kai ƙara. Ran Talata kwamitin ladabtarwa na majalisa ya kira Lantana da ogan nata. An jera wasiƙun a kan tebur.

Shugaban kwamiti ya ce, "Honarabul, daga ofishinka waɗannan suka fito?"

Ogan ya ɗauki ɗaya, ya duba gaba da baya.

"Ranka ya daɗe, ban ga hannuna ba. Ni ranar ma ba na gari." Ya juyo a hankali. "Mama Lantana, me ya kai ki?"

Ta tuna cewa da hannunta ta rufe ƙofar ofis ran nan, babu na ukunsu.

Aka karɓi makullan ofis, aka ce ta je gida ta jira takarda.

Tana nan tana jira. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidanta, sai ta leƙa ta ga ko takardar kora aka kawo.

Darasi: Kayan hukuma amana ne, kowa ya tsaya a iyakarsa. Kuma duk babban da ya ce ka sa hannu inda shi ya ƙi sawa, ya riga ya zaɓi wanda za a kama.

Ku tura wa duk ɗanku da ke aiki ƙarƙashin manya, tun kafin a miƙa masa biro.